Hutu a jirgin katako a gaɓar tekun Turkiyya: in kai iyalina?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kano, nakan je Istanbul sarin kaya. A wata tafiya, wani Baturke da nake sayen yadi a wurinsa ya nuna mini hotunan hutun da ya yi da iyalinsa a wani jirgin ruwa na katako, mako guda suna yawo a gaɓar teku, a ciki suke kwana. Tun daga ranar abin yake raina. Ina so in kai uwargida da yara huɗu da Hajiyarmu, amma da na faɗa a gida sai Hajiya ta ce ita kam ba da ita ba, labarin kwale-kwalen da ke kifewa a Kebbi da Neja ya ishe ta. Kuma babu wanda ya iya ruwa a cikinmu. An ce mini ka daɗe kana raka mutane irin wannan tafiya. Don Allah akwai haɗari? Yaya batun salla da abinci? Kuma abin ya kai a kashe masa kuɗi?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya da nisan kwana. Tambaya uku ka jero, amma idan na fahimce ka da kyau, ɗaya ce take hana ka barci: mutumin da ya tashi a tudu, bai taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwarsa ba, zai iya ɗaukar mahaifiyarsa da 'ya'yansa ya sa su a jirgin katako tsawon mako guda, hankalinsa kwance? Zai iya. Na raka iyalai irin naka, sun je sun dawo lafiya, wasu har yau idan muka haɗu hirar ke nan. Sai dai daɗin tafiyar da lafiyarta duk suna rataye ne a kan abubuwan da ake yanke shawara a kansu tun kafin a bar gida: wane jirgi, wane matuƙi, wane wata, wace hanya, kuma da su wa za a zauna a ciki. Hotunan da aka nuna maka ba za su gaya maka ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Jirgin da abokin cinikinka ya shiga sunansa gulet. A kudu maso yammacin Turkiyya ake ƙera shi, musamman Bodrum da Marmaris da wani ƙaramin gari da ake kira Bozburun. Yawancin waɗanda ake bayarwa haya tsawonsu tsakanin mita 20 ne zuwa 35, masu faɗin ciki, da dogayen jigo biyu, da ɗakunan kwana huɗu zuwa takwas, kowanne da banɗakinsa. Asalinsu jiragen neman abinci ne. Da ire-irensu mutanen Bodrum suke fita kamun kifi, da nitso don ciro soson teku, da dakon lemon tanjarin a zamanin da hanyar mota ba ta da kyau. Wanda ya fara jawo hankalin mutanen birni zuwa gare su wani marubuci ne, Cevat Sakir Kabaagacli, wanda kotu ta kora zuwa Bodrum a 1925 saboda wani rubutu da ya yi a mujalla. An kai shi ne don a hukunta shi, sai garin ya shiga ransa, ya zauna shekaru masu yawa yana bin masunta da masu nitso cikin jiragensu. Daga baya ya riƙa gayyato abokansa marubuta da masu zane daga Istanbul, su yi kwanaki suna bin lungunan gaɓa, suna kwana a saman jirgi, ba ɗaki ba banɗaki. Wannan tafiya ce Turkawa suke kira Mavi Yolculuk, wato shuɗiyar tafiya, har yau. Da baƙi suka yi yawa sai maƙera suka faɗaɗa jiragen, suka yanka ɗakuna, suka sa inji mai ƙarfi da janareta.

Tsoron Hajiya

Kada ka yi wa Hajiya gardama, tana da gaskiyarta. Amma a tsaya a duba abin da yake cin rayuka a kogunanmu: jirgin mutum hamsin a loda masa ɗari da buhunan hatsi da babura, a tashi da dare, a ci karo da kututture a ƙarƙashin ruwa, babu rigar kariya ko ɗaya, babu wanda ya taɓa duba lafiyar jirgin. Gulet mai lasisi yana da adadin fasinjan da aka rubuta masa a takarda, kuma gadajen da ke ciki su ne iyakarsa. Tafiyarsa da rana ce, awa uku ko huɗu a yini, galibi kana hangen tudu, kuma kafin la'asar sakaliya ya shige wani lungu da duwatsu suka kare shi daga iska, ya jefa anka. Yawancin sa'o'in makon nan jirgin a tsaye yake.

Katako kuwa yana da halinsa. Idan ana kula da shi yakan daɗe ƙwarai, idan aka yi sakaci shekara biyu ko uku sai ya fara ruɓewa ta inda ido ba ya gani. Da itacen da Turkawa ke kira cam, mai ganye sirara, aka fi ƙera tsofaffin jiragen. Na yanzu ana haɗawa da iroko da dangin maɗaci da ake sayowa daga Afirka, a shimfiɗa wani katako mai ƙarko da ake kira tik a inda ake takawa. Akwai ma waɗanda jikinsu ƙarfe ne aka lulluɓe da katako. Na taɓa zuwa unguwar maƙera jiragen Icmeler a gefen Bodrum da hunturu, lokacin da ake jawo jiragen tudu a ɗora su a kan gungume. Na tsaya ina kallon wani dattijo yana bin cikin jirgi da ƙaramar guduma, yana ƙwanƙwasa allo bayan allo, kunnensa kusa da katakon. Inda ya ji ƙara mai kaifi sai ya wuce. Inda ya ji ta dushe sai ya ciro alli daga bayan kunne ya yi da'ira, a nan za a ɓamɓare a sa sabo. Bayansa yara biyu suna cusa auduga a tsakanin alluna da kurfi, wani kuma yana shafa jan fentin da ke hana tsutsar ruwa cin katako. Jirgin da ake yi wa wannan hidima duk shekara ba na jin ɗar in kwana a cikinsa da 'ya'yana.

To yaya kai baƙo za ka gane an yi ko ba a yi ba? Hanci ne babban mai shaida. Ka sauka ɗakunan ƙasa ka rufe ƙofa. Ƙamshin katako da ɗan warin man inji ba komai ba ne. Amma idan ka ji warin rima da tsami, ko ka ga baƙin tabo a kusurwar rufi da bayan katifa, ruwa yana shiga ta wani wuri. Ka roƙi kyaftin ya ɗaga maka allon ƙasa ka leƙa. Ɗan ruwa kaɗan a gindin jirgin katako al'ada ce, amma kada ya zama baƙi mai maiƙo, kuma kada ka ji famfon da ke zuƙe shi yana tashi kowane 'yan mintoci. Ka tambaye shi wane wata aka fito da jirgin tudu a bana. Kyaftin na kirki yana son wannan tambaya, har hotuna zai nuna maka a wayarsa. Wanda ya fara kame-kame, ka yi masa godiya ka nemi wani.

Abin da ni na fi tsoro a jirgin katako shi ne wuta. Akwai tukunyar gas a kicin, akwai man dizal, akwai janareta da wayoyin lantarki, kuma komai na ci. Saboda haka kafin a kwance igiya, ka nemi a nuna wa kowa inda abin kashe gobara yake, da inda rigunan kariya suke, da ƙaramin jirgin roba na ceto. Ba a shan taba a ɗaki. Kuma ka gaya wa uwargida da Hajiya tun daga gida cewa kaskon turaren wuta ba ya shiga jirgi, ko na gawayi ko na lantarki. Na san abin da wuya ga matanmu, amma humra da turaren fesawa sun wadatar na mako guda.

Rashin iya ruwa shi ne inda nake so ka fi sa ido. Ruwan can garau yake, kana tsaye a jirgi kana ganin duwatsu da kifaye a ƙasa, sai ka ɗauka da ka sauka ƙafarka za ta taɓa, alhali zurfin ya ninka tsayinka sau uku ko huɗu. Manya ma yana ruɗarsu, balle yaro. Dokar da nake kafa wa duk iyalin da na raka ita ce: yaron da bai iya ruwa ba, muddin ya fito daga ɗaki, rigar kariya tana jikinsa a ɗaure, ko jirgi na tafiya ko yana tsaye. Kuma duk lokacin da yara suka shiga ruwa, a ambaci sunan babba ɗaya wanda aikinsa kallonsu kawai, ba waya a hannunsa. Inda aka ce kowa yana kallo, a nan ake yin sakaci. Rigunan da ke cikin jirgi galibi na manya ne, don haka ka aika da shekarun yaranka da nauyinsu a rubuce, a tabbatar maka akwai daidai su, ko ka saya musu a Istanbul. Idan akwai ƙarami mai rarrafe ko ɗan dagwai-dagwai, ka ce a ɗaura raga a jikin shingen jirgi. Suna yi idan an nema. In da hali, wata biyu kafin tafiya ka sa yaran su koyi ko da yadda ake kwanciya a kan ruwa ne.

Wani abu da yakan ba mutane haushi: a hoto za ka ga filafilai, manyan fararen ƙyallayen da iska ke turawa, a buɗe, amma a zahiri yawancin tafiyar da inji ake yi. Gulet yana da nauyi da faɗi, yana bukatar iska mai ƙarfi kafin ya motsa, kuma ma'aikata uku ba su cika son wahalar ɗagawa da naɗewa ba. Akwai masu yi da gaske, har gasa suke yi a Bodrum duk watan Oktoba tun 1989. A wurinka wannan ba asara ba ce, domin jirgi a kan inji a miƙe yake tafiya, a kan iska kuwa yakan karkata gefe guda, abin da zai tayar wa Hajiya hankali. Amma ka roƙi kyaftin, ranar da iska ta yi laushi, ya kashe inji ya buɗe ko da na gaba ne na awa ɗaya. Shirun da ke biyo bayan mutuwar inji, ba ka jin komai sai ruwa yana shafar katako da ƙarar igiya, ya cancanci a roƙa.

Wata da hanya

Lokacin wannan tafiya daga Mayu ne zuwa Oktoba. Yuli da Agusta su ne watannin cunkoso da tsada da zafi, rana takan wuce digiri 35, kuma a lokacin ne iskar arewa da ake kira meltem take ƙarfi. Da safe ruwa lumui, daga azahar sai ta taso, ta tayar da igiyar ruwa a duk inda babu kariya. Shi ya sa kyaftin mai hankali yake tayar da inji tun da asuba idan akwai buɗaɗɗen wuri a gabansa, ya ƙetare kafin fasinja su farka. Ni na fi son Yuni da Satumba. A Yuni tuddai ba su gama bushewa ba, yini yana da tsawo. A Satumba ruwa ya sha rana duk bazara ya yi ɗumi, jama'a sun ragu, farashi ya fara sauka. Farkon Mayu ruwan yana da sanyi ga jikin Bakano.

Manyan hanyoyin uku ne. Akwai wadda ke tashi daga Bodrum ta zagaya mashigin Gokova, inda tsibirin Sedir yake, mai farin yashin da aka hana ɗiba ko da cikin tafin hannu. Hanya ce mai kyau, amma bakin mashigin yana shan iska. Idan ta nan kuka bi, kada ku bar Bodrum ba ku shiga tsohuwar ganuwar bakin tasha ba. A ciki akwai gidan tarihi na kayan da aka tsamo daga jiragen da suka nutse, har da na Uluburun, wanda wani mai nitson soso ya gano kusa da garin Kas a 1982. Jirgin ɗan kasuwa ne da ya nutse fiye da shekara 3,300 da suka wuce, ɗauke da tagulla kusan tan goma, da kuza, da hauren giwa da haƙoran dorina da ƙwan jimina. Kai da kake fatauci, za ka daɗe a gaban wannan kaya.

Ta biyu daga Fethiye take gangarawa gabas zuwa Kalkan da Kas da Kekova. A ganina ita ta fi kowacce abin kallo. A Kekova jirgi yakan rage gudu ya bi gefen tsibiri, kana leƙawa kana ganin matakala da harsashin ɗakuna sun gangara cikin ruwa, ragowar garin da girgizar ƙasa ta nutsar. An hana iyo a wurin. A tsallake akwai ƙauyen Kalekoy, wanda mota ba ta shiga, da wani tsohon akwatin kabari na dutse tsaye shi kaɗai a cikin ruwa, yara suna wasa kusa da shi. Amma kafin a kai can sai an ratsa wani wuri da ake kira Yedi Burunlar, jerin duwatsu bakwai da suka kutsa cikin teku, babu mafaka, kuma ruwan wurin yakan yi rawa ko da iska ba ta da yawa. Na ga ƙarti sun yi laushi a nan. Ba zan kai tsohuwa ta wannan hanya a tafiyarta ta farko ba.

Wadda nake ba ka shawara ita ce ta uku: mashigin Fethiye da Gocek. Tsibirai ne suka yi wa ruwan shinge, daga lungu zuwa lungu sau da yawa bai wuce awa ɗaya ba, kuma idan wani ya gaji ko ya kamu da rashin lafiya, gari da asibiti ba su da nisa. Filin jirgin saman Dalaman bai kai tafiyar rabin awa daga Gocek ba, shi kuma daga Istanbul awa ɗaya ne da 'yan mintoci. A irin wannan ruwa da wuya mutum ya yi jiri. Idan ya zo, sababinsa shi ne ido yana ganin ɗaki a tsaye, cikin kunne kuma yana jin motsi, sai ƙwaƙwalwa ta rikice. Maganin farko shi ne a fito daga ɗaki, a zauna tsakiyar jirgi inda iska ke kaɗawa, a kafa ido a kan tudu mai nisa, a ajiye waya. Citta tana taimaka wa wasu. Akwai ƙwayoyin da ake sha kafin a tashi, amma suna sa barci, kuma ga Hajiya da yara sai likita ya ce a sha.

A kula da wani tarko. Wasu hanyoyin suna leƙa tsibiran Girka, irin su Kos da Rodos da Simi, saboda suna daf da gaɓar Turkiyya. Da fasfo ɗin Nijeriya, bizar Turkiyya ba ta kai ka can, sai da bizar Shengen ta shiga ƙasashen Turai. Ka tabbatar hanyar da aka rubuta maka ba ta fita ruwan Turkiyya ba.

Yadda yini yake wucewa

Abu na farko, a bakin tsani za a karɓi takalmanku a zuba a kwando, sai ranar sauka ko in za a taka tudu. Ma'aikata galibi uku ne: kyaftin, da kuku, da yaron jirgi. Abin da ban gajiya da kallo shi ne yadda suke ɗaure jirgi da yamma. Kyaftin zai jefa anka a tsakiyar lungu, ya riƙa ja da baya a hankali zuwa gaɓa, sarƙa tana zuba. Yaron jirgi ya faɗa ƙaramin kwale-kwale da doguwar igiya, wani ma ya yi tsalle cikin ruwa da ita a kafaɗa, ya haye dutse babu takalmi, ya zarga ta a jikin ƙarfen da aka kafa don haka, domin a yankin Gocek an hana ɗaurawa a bishiya. Sai a ja igiya ta yi tauri, a kashe inji. A take sai kukan gyare daga cikin bishiyoyi ya cika wurin, da ƙamshin ƙaron itacen cam da rana ta gasa.

Da safe za a jera muku zaitun, da farin cuku, da tumatir da kokwamba, da ƙwai, da zuma, da burodi, da shayi a 'yan ƙananan kofunan gilashi. Zuma takan jawo rina da ƙudan zuma, sai kuku ya ƙona garin kofi a faranti, hayaƙin ya kore su. Da rana ganyayyaki ne da wake da alkama ko shinkafa da kindirmo, da dare gasasshen kifi ko kaza ko ƙwallon nama. Wani lokaci da hantsi za ka ji ƙaramin inji yana matsowa, sai ga miji da mata a kwale-kwale, matar zaune a gaban faifan ƙarfe tana murza ƙullu da siririn muciya, ta zuba cuku da ganye, ta naɗe ta gasa, ta miƙo maka da zafinsa. Gozleme suke kiransa. Yara ba sa mantawa da shi. Naman Turkiyya na yanka ne, wannan ba abin damuwa ba ne. Abin da zai dame ku rashin yaji. Ku tafi da yajinku da kilishi da garin kunu na Hajiya, kuma idan jirgin naku ne ku kaɗai, kuku ba zai hana uwargida shiga kicin ta yi miya ba, sai ma ya tsaya koyo.

Ɗakunan ƙanana ne, kuma a jiragen masu matsakaicin farashi na'urar sanyaya ɗaki awoyi kaɗan take aiki, domin ana kashe janareta da dare. Shi ya sa mutane da yawa suke kwasar bargo su hau sama su kwanta a kan katifun da aka shimfiɗa, kamar yadda muke fitowa tsakar gida da tabarma a watan bazara. Ruwan daɗi a tanki yake, ana yin wanka da tattali. Ba a jefa takarda ko wani abu a masai, bututun siriri ne, akwai kwandon da aka tanada. Ku tafi da butocinku. Idan za a taka duwatsun gaɓa a sa takalmin roba, saboda wata baƙar halitta mai ƙayoyi da ke manne a jikinsu.

Salla da sutura

Alƙibla daga wannan yanki kudu maso gabas take, ka cire gabas ɗin da ka saba da ita a Kano daga ranka. Kyaftin yana da kamfas a gabansa, kuma yawancinsu da ka tambaya za su nuna maka. Jirgin da aka ɗaure gaba da baya ba ya juyawa, don haka za ka yi sallarka a tsaye a natse a bayan jirgi, inda ya fi faɗi. Wanda aka bari a kan anka kaɗai yakan juya da iska, sai a sake dubawa kafin a tayar. Batun alwala kuwa, tambayar ta riga mu: a Muwaɗɗa ta Imam Malik akwai hadisin mutumin da ya ce wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, suna hawa teku da ruwa kaɗan, ko za su yi alwala da ruwan teku? Aka amsa masa cewa ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal ne. Guga da igiya kawai kake bukata. A Yuni asuba takan yi da wuri ƙwarai, isha kuma sai wajen ƙarfe goma na dare, kuma agogonsu yana gaban namu da awa biyu. Hukuncin ƙasaru da haɗa salloli a irin wannan tafiya, wannan fagen malamai ne, ka zauna da malaminka ka zayyana masa yadda tafiyar take kafin ku tashi.

Haya iri biyu ce, kuma a nan ne mutanenmu suka fi yin kuskure saboda neman sauƙi. Akwai hayar ɗaki, inda za a haɗa ku da baƙin da ba ku sani ba daga ƙasashe daban-daban, tebur ɗaya, wurin zama ɗaya. Ta fi araha nesa ba kusa ba, amma za a sha giya a gabanku, za a yi shigar iyo, wasu jiragen ma na matasa ne masu kiɗa har tsakar dare. Babu inda za ka kai Hajiya ta ɓuya a jirgi mai mita 25. Ku bakwai ne, jirgi mai ɗaki huɗu ya ishe ku, ku ɗauke shi gaba ɗaya. A nan kai ne mai cewa kada a shigo da giya, kai ne mai roƙon a nemi lungun da babu jama'a, kuma kana iya shirya wa da kyaftin cewa idan mata za su shiga ruwa ma'aikata su koma gaban jirgi. Sun saba da wannan, domin iyalan Turkawa da Larabawa masu kiyaye addini suna nema. Rigar iyo mai rufe jiki duka tana nan a kasuwannin Istanbul.

Kuɗi kuwa da Yuro ake ciniki, kuma farashi yana hawa da sauka bisa wata da girman jirgi da shekarunsa, har wanda ake nema a Agusta ya yi wa na Mayu ko Oktoba nisa sosai. Yawanci daga Asabar zuwa Asabar ake bayarwa. Abin da za ka tsare shi ne a rubuta maka abin da kuɗin ya ƙunsa: man awa nawa a yini, awa nawa na sanyaya ɗaki, kuɗin tasha, da ko abinci yana ciki ko lissafinsa daban ne bisa kowane kai. Akwai kuma ihsanin da ake yi wa ma'aikata ranar sauka. A rubuta sunan jirgin a yarjejeniya, kada ka yarda da "ko makamancinsa". Kada kuma ka tura kafin alƙalami ga wanda ka sani a Instagram kawai.

Ko ya kai a kashe masa kuɗi? Ga mai son kasuwa da manyan kantuna da zirga-zirga, a'a, zai gaji tun rana ta biyu. Ga wanda yake so ya zauna da 'ya'yansa da mahaifiyarsa mako guda babu mai buga masa ƙofa, ban san wani hutu da ya kai shi ba. Amma shawarata tana da iyaka, domin ban ga jirgin da za a ba ka ba, ban kuma san ƙarfin jikin Hajiya ba. Ana shiga jirgi ta kan siririn katako mai ɗan motsi, matakalar sauka ɗaki a tsaye take, shiga ƙaramin kwale-kwale kuma yana son gwiwa. Idan tana fama da ciwon gwiwa, ko hawan jini, ko ciwon suga, likitanta ne zai fara magana. Tunda kana zuwa Istanbul, a tafiyarka ta gaba ka ware kwana biyu ka sauka Dalaman, ka taka tashar Gocek ko ta Fethiye da ƙafarka, ka shiga jirage uku ko huɗu, ka shinshina, ka ɗaga allo, ka sha shayi da kyaftin. Ka ɗauko wa Hajiya bidiyon tsanin da matakalar da ɗakin da za ta kwana. Idan ta gani ta ce har yanzu a'a, kada ka matsa mata. Ku kama masauki a Fethiye, ku fara da jirgin yini ɗaya da ke zagaya tsibiran ya dawo da yamma, in ya yi mata sai a yi maganar kwana uku ko huɗu.